Sukari a Kwalbar Gishiri

"Auta! Wannan dakan na mene ne da rana tsaka?"

Auta ba ta ɗago kai ba. Tana zaune a bakin ƙofar kicin, ta matse ɗan ƙaramin turmi tsakanin gwiwoyinta, tana murje farin sukari kamar shi ya yi mata laifi. Umma ta leƙo, ta kalli turmin, ta kalli gwangwanin sukarin da ya koma rabi.

"Sukarin shayin nawa kike wa wannan ɓarnar?"

"Aikin makaranta ne, Umma."

"Aikin makaranta da wannan fuskar? Ni na haife ki fa. Tun kina ƙarama, in kika ciji leɓe haka, to akwai wanda zai yi kuka kafin rana ta faɗi."

Auta ta saki leɓen, ta ci gaba da niƙa. Sai da ƙwayoyin sukarin suka koma ƙanana daidai da na gishirin da ake aiki da shi a makaranta, sannan ta juye a takarda, ta ƙulle, ta tura ƙasan jakarta. Umma ta girgiza kai ta koma ɗaki tana cewa Allah ya shirya.

Shekara uku ke nan Auta tana aiki a makarantar 'yan mata, ita ce mai kula da ɗakin gwaje-gwaje da kowa ke kira lab. Ita ke buɗewa da safe, ta wanke kwalabe, ta jera wa malamai kayan aiki, ta kulle da yamma. A nan ta haɗu da Injiniya, ƙanin Malamar Kemistiri. Ba injiniyan takarda ba ne, mai gyaran wutar lantarki ne da mutane suka laƙaba wa sunan. Soket ɗaya tal aka kira shi ya gyara a lab ɗin, amma bawan Allah ya yi mako biyu yana zarya, kullum sai ya gano wata wayar da ba ta yi masa ba. Kafin shekara ta zagayo, manya sun shiga maganar, saura a sa rana.

Sai ranar sodiyam ta zo. Shi sodiyam ƙarfe ne, amma ƙarfe mai laushi kamar sabulu, da wuƙa ake yanka shi. Ba ya ga-maciji da ruwa, shi ya sa kullum yana nutse cikin kananzir a kwalba. Rannan Malama ta yanko ɗan gutsure ta nuna wa ɗalibai, wayarta ta yi ƙara, sai ta naɗe ragowar a takarda, ta jefa cikin bahon famfo, ta fita amsa kira. Auta tana can ƙarshen ɗakin, ta ga abin da idonta, ta taho da gudu, amma wata ɗaliba ta riga ta murɗa famfon. Fuuu! Wuta ta tashi. Auta ta ture yarinyar gefe, wutar ta lashi bayan hannunta, ta kama labule.

A ofishin Firinsifal kuwa, Malama ko ƙifta ido ba ta yi ba. "Na miƙa mata na ce ta mayar cikin kananzir, Ma. Sakaci ne irin nata." Malama mai digiri biyu, Auta mai 'yar difiloma, ai ba sai an tambayi maganar wa za a ɗauka ba. Aka rubuta wa Auta takardar gargaɗi, aka sa a fayil ɗinta, hannunta na naɗe da bandeji ta sa hannu. Bai ishi Malama ba. Ta koma gida ta zaunar da mahaifiyarsu, ta ce, "Mama, yarinyar da ta kusa ƙone 'ya'yan mutane za ki ba amanar jikokinki?" Washegari saƙo ya iso wa Umma cewa a dakata da maganar sa rana. Wata huɗu ke nan ana dakatawa.

Da la'asar ɗin ranar da ta daka sukarin aka yi sallama a ƙofar gida. Injiniya ne, rungume da wani ɗan allo. Auta ta fito, ta tsaya daga nesa, ta harɗe hannu.

"Haba ranki ya daɗe, ko murmushin sadaka babu?" Ya ɗora allon a kan dakali. Batir ne a kai, da ƙaramin ƙwan fitila, da wayoyi biyu masu tsirara a baki. "Yaya ce ta sa na haɗa mata. Gobe sufetoci za su zo kallon darasinta, da shi za a yanke maganar faramoshan ɗinta, wato ƙarin girma. Na ce bari in kawo wa gwanata ta duba, don ni na haɗa ne kawai ban gane kan abin ba."

"Babu wuya," in ji Auta. "In ka tsoma wayoyin nan cikin busasshen gishiri, ƙwan ba zai kama ba. In ka narkar da gishirin a ruwa, zai kama. Shi gishiri ƙarfe ne da wanda ba ƙarfe ba suka haɗu. Ƙarfen ya bayar, ɗayan ya karɓe. Kamar dai ni da gidanku: ni na ba da fatar hannuna, yayarka za ta karɓi faramoshan."

"Auta, don Allah—"

"Ka amsa min abu ɗaya. Ka yarda ni na jefa abin nan a baho?"

Ya sosa ƙeya. "Ban ce ke ce ba. Amma kin san Yaya, ita ta riƙe ni tun rasuwar Baba. Ta yaya zan tsaya gaban Mama in ce ƙarya take? Ki ƙara haƙuri, komai zai wuce."

"Haƙuri! Wata huɗu kana ciyar da ni haƙuri safe da yamma, har na ƙoshi!" Hawaye suka zubo mata, ta share da ƙarfi kamar su ma sun ba ta haushi. "Ɗauki allonka. Yana aiki lafiya lau, ka gaya mata kada ta damu."

Ya tafi jiki a sanyaye. Ita kuwa ta koma ciki tana jin wani daɗi mai ɗaci. Ta san abin da shi bai sani ba. Tun bayan gobarar, Malama ta yi shela a gaban Firinsifal da dukan malamai cewa ita ba ta yarda hannun Auta ya ƙara taɓa kayanta ba, da kanta za ta riƙa shirya komai. To madalla. Duk abin da ya lalace gobe, babu wuyan da za a rataya wa sai nata.

Washegari ƙarfe bakwai na safe Auta ta buɗe lab. Farantin Malama na cikin kabad, an jera komai tsaf: kofunan gilashi, tataccen ruwa, zaren maganiziyam, da 'yar kwalba mai takarda a jiki, an rubuta gishiri da rubutun Malama mai kwanciya gefe. Auta ta juye gishirin a wata kwalbar ta sa a aljihun farar rigarta, ta cika ta Malama da sukarinta, ta goge bakin, ta mayar daidai inda take. "Yau za ki ɗanɗana," ta faɗa a ranta. "Yau za ki san yadda mutum ke ji in ana kallonsa ana girgiza kai."

Ƙarfe goma aji ya cika. Ɗalibai arba'in, Firinsifal a gefe, sufetoci biyu a baya, wani dattijo mai tabarau da wata mace mai jan biro. Auta ta tsaya a kusurwarta kusa da kabad, inda aka saba mantawa da ita.

A faɗi gaskiya, Malama ta iya aikinta, kuma wannan ma yana cikin abin da ke ƙona ran Auta. Ta zana da'ira biyu a allo.

"Wannan atom ɗin sodiyam ne. A zagayensa na waje ilektiron ɗaya ne tak, ya zame masa kaya, so yake ya rabu da shi. Wannan kuma kulorin, ba ƙarfe ba ne, iska ce mai guba. Yana da bakwai, ɗaya yake nema ya cika takwas. Me zai faru in sun haɗu?"

"Sodiyam zai ba shi!" ajin ya amsa.

"Yauwa! Da ya bayar sai ya koma mai cajin fozitib, wanda ya karɓa ya koma mai cajin negatib. Atom ɗin da ya sami caji haka shi muke kira ayon. Caji biyu masu saɓani kuwa jan juna suke yi, sai su jeru sahu-sahu, kowane fozitib kewaye da negatib, su riƙe juna gam. Gishirin da ke kicin ɗin gidanku ke nan."

Ta kama zaren maganiziyam da hantsaki ta kunna, ta ce kada kowa ya ƙura ido. Haske ya wanke ɗakin, zaren ya koma farar toka. Ta bayyana cewa shi maganiziyam ilektiron biyu ya miƙa wa oksijin na cikin iska, tokar nan ita ce abin da suka haifar. Dattijon sufeto ya gyaɗa kai, mai jan biro ta yi rubutu. Malama ta ɗan saki fuska, ta jawo allon ƙaninta.

Ta zuba farin gari daga kwalbarta a kofi, ta tsoma wayoyi. Ƙwan bai kama ba.

"Kun gani? A bushe, kowane ayon yana ɗaure a sahunsa, ba mai motsi, lantarki ba shi da mai ɗaukarsa. Yanzu ku rubuta kanun gwaji na biyu, ku rubuta abin da idonku ya gani, ba abin da na faɗa ba."

Ta zuba tataccen ruwa, ta juya har ya narke, ta tsoma wayoyin.

Shiru. Ƙwan yana nan baƙi ƙirin.

Ta ƙara cokali biyu, ta juya, ta sake tsomawa. Babu. Ta haɗa bakin wayoyin biyu da juna, ƙwan ya haska tar, wato allon lafiyarsa ƙalau. Ta mayar cikin ruwan, ya mutu. Gumi ya karyo mata ta ƙarƙashin ɗankwali. Wata ɗaliba ta yi 'yar dariya a baya. Mai jan biro ta ajiye bironta ta zuba tagumi, Firinsifal ta fara kallon silin.

Wayyo daɗi! Auta ta ji sanyi na ratsa ƙirjinta tun daga wuya har ciki. Wata huɗu tana jiran ganin wannan fuskar, fuskar Malama tana tsuru-tsuru, tana dube-dube babu wanda za ta nuna da yatsa. Ta so lokaci ya tsaya a nan ta kalla har ta gaji.

Sai ta ji ƙarar biro a kan takarda. Ta waiwaya. Yarinyar da ke teburin gaba, mai tsabtar rubutu, ta ja layi da rula, tana rubutawa a hankali: ruwan gishiri ba ya ɗaukar lantarki. Ta kusa da ita ta leƙa ta kwafa. Na bayansu ma haka. An ce su rubuta abin da idonsu ya gani, kuma shi suke rubutawa, kai arba'in a sunkuye.

Nan take daɗin ya gushe wa Auta. Ƙarya ce ake rubutawa, a littafi arba'in, da tawadar da ba ta gogewa, kuma ita ta niƙa ƙaryar da hannunta a turmin Umma. Yaran nan za su haddace ta, su kai ta ɗakin jarrabawa. Ba su jefa komai a baho ba, ba su kai gulmarta wurin Mama ba. Ita da ta san zafin a rubuta ƙarya a takarda a rufe fayil, yau ita ce marubuciyar.

Ba ta san lokacin da ƙafarta ta ɗauke ta ba. Ta isa gaban tebur, ta ciro kwalbar aljihunta ta ajiye.

"Malama, ga gishirin. Na sukarin ya nuna abin da ake so, ko a kawo sabon kofi?"

Malama ta kalli kwalbar, ta kalli tata, ta kalli Auta. Daƙiƙa biyu suka ishe ta ta gane komai. Idonta ya kaɗa ya yi ja, amma macen akwai ƙwaƙwalwa.

"Kawo," ta ce. Ta juya ga ajin. "Kowa ta soke kalmar gishiri, ta rubuta sukari. Abin da ke cikin kofin nan sukari ne. Babu ƙarfe a cikinsa, ba wanda ya bayar, ba wanda ya karɓe, tarayya atom ɗinsa suka yi a kan ilektiron. Don haka ko ya narke babu ayon. Yanzu ku kalli gishiri."

Aka narkar, aka tsoma. Ƙwan ya kama, ajin ya ɗauki tafi. Malama ta bayyana yadda ruwa ya warware sahun, kowane ayon ya sami sakewa yana yawo da cajinsa. Dattijon sufeto har da cewa dabarar kwatancen ta burge shi.

Da ɗakin ya watse, Malama ta turo ƙofa ta rufe.

"Ni za ki tozarta? Ni?" in ji Malama. "Kin san in na kai ki ofis yanzu, gargaɗi na biyu kora ce?"

"Na sani. Ba sai kin kai ni ba, da ƙafata zan je." Auta ta cire farar rigarta ta rataye. "Na yi niyyar in ga bayanki, kuma wallahi na ji daɗin minti ukun nan. Amma ni ba zan iya kwana da abin da na yi ba. Ban san yadda kike kwana da naki ba."

Ta fice. Malama ta bi bayanta, takalminta na ƙwas-ƙwas a baranda.

A ofis Auta ta faɗi komai, tun daga turmi har zuwa kwalba, ba ta rage ba, ba ta kuma ambaci ranar sodiyam ba. Ran Firinsifal ya ɓaci matuƙa. Ta jawo fayil ɗin, ta buɗe daidai kan tsohuwar takardar.

"Kin ba ni kunya. Na farko sakaci, na biyu mugunta. Ba ni da zaɓi, sai dai—"

"Ma, dakata."

Malama ce, tana tsaye a bakin ƙofa.

"Ta farkon ba tata ba ce. Ni na jefa sodiyam a baho. Ban miƙa mata komai ba." Sai kuka ya ƙwace mata. "Tsoro na ji, Ma, faramoshan ɗina na gani yana tafiya. Bayan nan kuma na kasa haɗa ido da ita. Na ce in ta shigo gidanmu, kullum zan riƙa ganin hannun nan a gabana. Shi ya sa na ɓata ta wurin mahaifiyarmu."

Firinsifal ta sake duban fayil ɗin. Daga bisani ta zare tsohuwar takardar ta yaga, ta rubuta wa Auta sabuwa a kan sukari, don laifi laifi ne. Ta ce wa Malama za ta rubuta wa sufetoci da kanta, maganar faramoshan a manta da ita bana. Babu wadda ta yi gardama a cikinsu.

Kwana biyu bayan haka, da yamma, mota ta tsaya a ƙofar gidan su Auta. Mama ce da kanta, Malama na biye da ita kai a ƙasa, Injiniya a ƙarshe kamar wanda aka aiko ya rako su. Umma ta shimfiɗa musu darduma, ta gaishe su gaisuwar da ba yabo ba fallasa.

"Maman Auta, da kunya na zo," in ji Mama. "Na ɗauki maganar ɗiyata ban bincika ba, na sa yarinyar nan kuka wata huɗu. Ku yafe mana. In kun amince, a sa ranar nan cikin watan gobe."

Umma ta ce, "Ni ba ni aka ƙona ba. Ga ta nan, ku tambaye ta. Ita ma na ja mata kunne a kan nata, don ban haifi mai ramuwa da 'ya'yan mutane ba."

Injiniya ya matso, ya durƙusa daga gefen darduma. "Auta, ni ma ina da nawa. Na san halinki sarai, amma na zaɓi in yi shiru don kada ran kowa ya ɓaci, na bar naki yana ɓaci shi kaɗai. Ba zan ƙara ba."

"In ka ƙara fa?"

"Ki sa min sukari a duk inda kika ga dama."

Dariya ta suɓuce wa Mama, Umma ma ta kasa riƙe tata. Auta ta rufe fuska da mayafi, ta gyaɗa kai, aka sa rana a take.

Da za su tafi, Malama ta tsaya a zaure har sauran suka yi gaba. Ta kamo hannun Auta, ta riƙe, ta kasa ɗagowa.

"Ƙanwata, kin yafe min?"

Auta ta so ta ce eh don a wuce wurin, amma ta gaji da maganar da ba ta kai zuci ba.

"Na fara, Yaya. Ban gama ba. Ki ba ni lokaci."

"Na ba ki," in ji Malama, hawaye na bin kuncinta. "Ko shekara nawa ne."

To 'yan'uwa, wanda aka zalunta yana da hakki, babu mai musun wannan, kuma zafin da yake ji gaskiya ne. Sai dai ramuwa ba ta tafiya kai tsaye zuwa ga wanda aka nufa, sai ta bi ta kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Auta ta yi haƙurin wata huɗu, ta kusa zubar da shi cikin minti uku. Da ta bar ƙwan nan a mace, da ta ga kunyar Malama, amma da har yau takardar ƙarya na cikin fayil ɗinta, da kuma ba a sa ranar aurenta ba. Abin da ya wanke ta shi ne ta fara faɗin laifinta da bakinta, alhali tana da damar yin shiru.